Karnukan Istanbul da Dokar 2024: Wa Zai Ɗauki Nauyin Dabbar da Ba Ta da Ubangida?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa sarin kaya a unguwar Laleli, ko ɗalibin da ya yi zaman karatu a Istanbul, zai ba da labarin abin da ya fara ɗaure masa kai a kwanakinsa na farko: wani ƙaton kare kwance a bakin ƙofar kanti ko a tashar jirgin ƙasa, ya miƙe ƙafafu yana sharar barci, jama'a suna ratse shi suna wucewa, shi kuwa ko kunne bai ɗaga ba. Idan mutum ya yi ta maza ya matsa kusa, zai ga wata 'yar lamba ta roba maƙale a kunnen, irin wadda ake sa wa shanu a gonakin zamani, kuma sau da yawa akwai kwanon ruwa a gefe wanda mai kantin ya ajiye masa. Wannan lambar ita ce takardar shaidar karen. Tana nuna cewa ma'aikatan hukumar birni sun taɓa kama shi, sun kai shi wurin likitan dabbobi an yi masa fiɗiya, ko an cire mahaifa idan karya ce, an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, sannan aka mayar da shi kan titin da aka ɗauko shi. Shekara ashirin cur wannan shi ne tsarin da dokar Turkiyya ta tanada, har zuwa ƙarshen watan Yuli na 2024, lokacin da majalisar dokokin ƙasar ta soke matakin ƙarshe, wato mayarwa, ta ce karen da aka kama ba zai sake komawa titi ba.

Kafin a gane dalilin da ya sa wannan gyara ya fitar da dubban mutane zanga-zanga a Istanbul da Ankara da Izmir, sai an koma baya. A zamanin Daular Usmaniyya karnukan Istanbul ba na kowa ba ne, amma kowace unguwa ta san nata. Ba a shigar da su gida, domin mafi yawan Turkawa mabiya mazhabar Hanafiyya ne kuma suna ƙyamar yawun kare, amma ana ciyar da su a waje don neman lada. Akwai masu hali da suka kafa waƙafi domin ciyar da karnuka da kuliyoyi da tsuntsaye, kuma akwai masu sana'ar tallar hanta da tarkacen nama waɗanda mutum zai biya su zuba wa dabbobin unguwa a matsayin sadaka. Hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, sanannu ne a can kamar yadda suke a wurinmu. Karnukan kuwa suna biyan kuɗin zamansu: su ke cinye ragowar abincin da ake zubarwa, kuma su ke haushi idan baƙo ya shigo unguwa da tsakar dare ko gobara ta tashi a birnin da galibin gidajensa na katako ne.

A 1910, shekara guda bayan an tuɓe Sarki Abdulhamid na Biyu, sababbin masu mulki da ke son birninsu ya yi kama da biranen Turai suka sa aka tattara karnukan, aka loda su a jiragen ruwa aka jibge a wani ƙaramin tsibiri mai suna Sivriada a tekun Marmara, dutse ne tsura wanda ba shi da abinci kuma ba shi da isasshen ruwan sha. Adadin da aka fi ambata shi ne karnuka 80,000. Yunwa da ƙishirwa suka kashe su, wasu suka ci naman 'yan'uwansu, wasu suka nutse a ƙoƙarin iyo zuwa gaɓa. Da girgizar ƙasa ta afka wa yankin Marmara a 1912, kuma Yaƙin Balkan ya biyo baya da mummunar asara, talakawa da yawa suka ce alhakin karnukan ne. A shekarar 1912 ɗin ne aka kafa ƙungiyar kare hakkin dabbobi ta birnin. Har yau Turkawa suna kiran tsibirin Hayirsizada, wato tsibirin da babu alheri a cikinsa, kuma duk lokacin da wani jami'i ya ambaci tattara karnuka, sunan nan ne ke fara faɗowa a bakin masu adawa. Abin lura kuma shi ne karnukan sun dawo. Ba a daɗe ba titunan suka sake cika, domin bolar da ta ciyar da na farko tana nan.

Wannan batu na bola shi ne ginshiƙin dukan maganar, kuma shi ne 'yan siyasa suka fi tsallakewa. Yawan karnukan da unguwa za ta iya riƙewa ya danganta ne da yawan abinci da ruwa da maɓoyar da ke cikinta: juji, bayan mahauta, bayan gidajen abinci, kangaye, da kuma hannun masu tausayi. Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kuma kwiyakwiyin da ta haifa su ma suna fara haihuwa kafin su cika shekara ko jim kaɗan bayan haka. Idan aka kwashe karnuka ɗari daga unguwa aka bar abincinsu, waɗanda suka tsira za su ƙoshi, kwiyakwiyinsu za su rayu fiye da da, wasu kuma za su kwararo daga maƙwabta su cike gurbin. Sababbin zuwan nan ba su san mutanen unguwar ba, ba a yi musu rigakafi ba, kuma suna faɗa da juna a kan yanki, don haka sukan fi tsofaffin haɗari. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa kisan kan mai uwa da wabi ba ya kawar da ciwon haukan kare, cutar da ke kashe mutane kusan 59,000 a duniya kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Abin da ke katse yaɗuwarta shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura.

A kan wannan fahimta aka gina Doka mai lamba 5199 ta shekarar 2004. Hikimarta ita ce a bar karen da aka yi wa fiɗiya ya tsare gurbinsa, ya hana baƙi shigowa, ya tsufa ya mutu ba tare da ya bar baya ba, ta yadda adadin zai riƙa raguwa a hankali. Sai dai tsarin yana da sharaɗi mai tsauri: dole aikin ya yi sauri fiye da haihuwa, kuma a yi shi a ko'ina a lokaci guda. Idan aka yi wa kaɗan aka bar mafi yawa, an zuba ruwa a kwando ne kawai. Abin da ya faru ke nan. Turkiyya tana da hukumomin birane da garuruwa sama da 1,300, amma lokacin da ake muhawarar 2024 alƙaluman gwamnati sun nuna gidajen killace dabbobi 322 kacal ake da su a duk faɗin ƙasar. Ma'ana, mafi yawan hukumomin ba su da ko ɗakin da za a kwantar da karya a yi mata aiki. Wasu sun samo wa kansu hanya mai arha: su cika mota da karnuka da daddare su kai su daji ko bakin iyakar wata ƙaramar hukuma su sauke. A dazuzzukan da ke kewaye da Istanbul karnukan da aka zubar ta wannan hanya sun zama garke-garke, suna rayuwa da abin da 'yan sa-kai ke kai musu a bayan mota, suna hayayyafa inda babu mai ƙirga su. Ga kuma masu sayen kare don ƙawa, ko don yara su yi wasa da shi a lokacin hutun bazara, waɗanda ke sakinsa a titi da zarar ya girma ya fara cin kuɗi.

A 2021 majalisa ta yi wa dokar kwaskwarima. Ta daina ɗaukar dabba a matsayin kaya, ta sa hukuncin ɗauri a kan wanda ya azabtar da ita ko ya kashe ta da gangan, ta hana baje karnuka da kuliyoyi a kantunan sayar da dabbobi, kuma ta wajabta wa masu dabbobin gida su yi musu rajista da wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da ake dasawa ƙarƙashin fata. Ta kuma umarci duk hukumar da mutanenta suka haura 25,000 ta gina gidan kula da dabbobi, manya kafin ƙarshen 2022, sauran kafin ƙarshen 2024. Da yawa ba su gina ba, kuma babu abin da ya same su.

A shekarar 2021 ɗin nan ne wani kare mai suna Boji ya yi suna a duniya saboda yadda yake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin fito shi kaɗai, ya nemi wuri ya kwanta kamar kowane fasinja, har hukumar birnin ta riƙa bibiyar zirga-zirgarsa. Hotunansa sun ƙawata sunan Istanbul. Amma mutumin da ke zaune a sabuwar unguwa a bayan gari, wanda 'yarsa ke fita makaranta da duku-duku ta ratsa wani fili inda karnuka goma sha biyar suka kwana, ba Boji yake gani ba. Kare ɗaya tilo da ya saba da cunkoson tsakiyar birni dabba ce daban da garken da yunwa ta haɗa a gefen gari, kuma rabin rikicin ya samo asali ne daga yadda kowane ɓangare yake magana a kan irin karen da ya sani. A 2022 wata yarinya a lardin Antalya ta rasu bayan babbar mota ta buge ta tana gudun karnuka. A ƙarshen 2023 wani garke ya yi wa wani yaro ɗan makaranta munanan raunuka a Ankara. Iyayen irin waɗannan yara suna da hujjar da babu wani bayanin kimiyya da zai rufe musu baki, kuma duk mai kare hakkin dabbobi da ya raina kukansu ya yi wa kansa illa. Shugaba Recep Tayyip Erdogan ya ɗauki wannan kuka, yana cewa Turkiyya na fama da matsalar karnukan titi irin wadda babu ita a ƙasashen da suka ci gaba.

Daftarin da aka fara yayatawa ya tanadi a kashe duk karen da ya yi kwana 30 a killace ba a samu mai ɗaukarsa ba. Hayaniyar da ta tashi ta sa aka janye wannan, aka kuma cire kuliyoyi daga tsarin tattarawa. Dokar da ta fito, mai lamba 7527, ta samu ƙuri'a 275, yayin da 224 suka ƙi, a ranar 30 ga Yuli, 2024. Ta wajabta wa hukumomi su kama karnukan titi su ajiye su a gidajen killacewa har sai an samu mai ɗauka. Ta halatta yi wa kare allurar mutuwa idan yana da haɗari ga mutane da dabbobi ta yadda ba a iya sarrafa shi, ko yana da cuta mai yaɗuwa ko wadda ba ta warkewa. Ta umarci manyan birane su ware kashi 0.3 cikin ɗari na kasafinsu, sauran hukumomin da mutanensu suka haura 25,000 kashi 0.5, domin wannan aiki, ta ba su zuwa 31 ga Disamba, 2028 su kammala gine-gine, kuma ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu ga magajin gari da jami'an da suka ƙi ware kuɗin ko suka karkatar da shi. Wanda ya yasar da dabbarsa a titi kuwa dokar ta yanka masa tarar lira 60,000 a 2024.

Yanzu sai a yi lissafi. Gwamnati ta ƙiyasta karnukan titi a ƙasar sun kai miliyan huɗu. Gidaje 322 ɗin nan gaba ɗayansu karnuka kimanin 105,000 suke iya ɗauka. Wato gurbi guda ga kowane karnuka 38. Ko da an ce ƙiyasin miliyan huɗun ya yi yawa, a raba shi biyu, har yanzu giɓin ya wuce abin da gini na shekara huɗu zai cike. Gini ma shi ne mai sauƙi. Karen da aka yi wa fiɗiya aka saki sau ɗaya hukuma ta kashe masa kuɗi, daga nan mai kanti da mahauci da tsohuwar da ke saman bene su ke ciyar da shi. Karen da aka kulle kuwa ya zama ɗan gidan hukuma har ya mutu, wataƙila shekara goma: abinci kullum, ruwa, mai wanke keji, likita, magani, wuta a lokacin sanyi. Hukumomin da suka kasa yin aiki mai arha a shekara ashirin, su ne aka ɗora wa mai tsada a shekara huɗu. Kowane gidan killacewa ƙofar shigarsa a buɗe take, amma ƙofofin fitarsa biyu ne kawai, ko wani ya zo ya ɗauka ko mutuwa. Ta farkon ƙarama ce ƙwarai, domin yawancin mazauna Istanbul a gidajen bene suke, masu neman kare kuma ɗan ƙarami mai asali suke so, ba ƙaton baƙauye mai kilo talatin ko arba'in da ya saba kwana a waje ba. Masu adawa sun yi wannan lissafin tun ranar farko, shi ya sa suka raɗa wa dokar suna dokar kisan kiyashi, ko da yake kalmar kisan gama-gari ba ta cikin rubutunta. Hujjarsu ita ce jimlar nan ta "haɗarin da ba a iya sarrafawa" tana da faɗin da duk hukumar da kejinta ya cika za ta iya shigar da kowane kare a ciki.

Cunkoso kansa makashi ne. Idan aka zuba karnuka ɗari uku a harabar da aka gina don ɗari, masu ƙarfi su ke cinye abinci, raunana su koma lungu, cututtukan da ke kama kwiyakwiyi su bi ta cikinsu kamar wutar daji, kuma ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, wanda ba a koya masa komai ba, shi ake bari da su. Tun a 2022 wani faifan bidiyo daga gidan killacewa a Konya, inda aka ga ma'aikaci yana dukan kare da shebur, ya girgiza ƙasar. Makonni kaɗan bayan sabuwar dokar, a watan Agusta na 2024, 'yan fafutuka suka fallasa ramuka cike da gawawwakin karnuka a Nigde da kuma gundumar Altindag ta Ankara. Irin waɗannan hotuna su ne suka sa Baturke mai son dabbobi ba ya jin kalmar gidan killacewa a matsayin mafaka.

Akwai kuma siyasa, wadda ba ta ɓuya ba. Wata huɗu kafin dokar, a zaɓen ƙananan hukumomi na Maris 2024, jam'iyyar adawa ta CHP ta zo ta ɗaya a ƙasar, ta riƙe Istanbul da Ankara da Izmir, ta kuma ƙwace wasu biranen. Saboda haka dokar da ke barazanar ɗaure magadan gari, wadda jam'iyyar AKP mai mulki ta kawo, 'yan adawa sun karanta ta a matsayin sanda da aka tanada dominsu. Shugaban CHP a lokacin, Ozgur Ozel, ya ce hukumominsu ba za su kashe karnuka ba, kuma jam'iyyar ta garzaya Kotun Tsarin Mulki, wadda ta yi watsi da ƙarar a watan Mayu na 2025. Magajin gari ya tsinci kansa a tsaka mai wuya: in ya tattara, masu son dabbobi su yi masa zaman dirshan a ƙofar ofis, in ya bari kuma kare ya ciji yaro, laifin a wuyansa yake a gaban doka. Istanbul kuwa, mai mutane sama da miliyan 15, an raba ta gundumomi 39, kowace da nata magajin gari da nata ma'aikatan dabbobi, ga kuma babbar hukumar birni a samansu, alhali kare bai san inda iyakar wata gunduma ta tsaya ba.

Turkiyya ba ita kaɗai ta taka wannan hanya ba. Romaniya ta yi doka a 2013, bayan karnuka sun kashe wani yaro ɗan shekara huɗu a Bukares, wadda ta ba da damar kashe karen da ya yi kwana 14 ba a ɗauke shi ba. A Indiya, Kotun Ƙoli ta ba da umarni a watan Agusta na 2025 a kwashe karnukan Delhi zuwa gidajen killacewa cikin mako takwas, amma kafin watan ya ƙare wani zaman kotun ya sassauta, ya ce a mayar da waɗanda aka yi wa fiɗiya da allura inda aka ɗauko su, ban da masu ciwon hauka da mafaɗata. Daga cikin dalilan sassaucin akwai wanda ke gaban Turkawa, wato babu wurin zuba su. Mu ma a Nijeriya, ga wanda bai sani ba, tsarin mulkin 1999 ya lissafa kula da yawo da kiwon dabbobin gida a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tana sarrafa allurar rigakafin haukan kare. Amma a mafi yawan garuruwanmu idan mahaukacin kare ya ɓulla, samarin unguwa ne da sanduna da duwatsu suke zama hukumar.

A ganina masu goyon bayan dokar sun yi gaskiya da suka ce halin da ake ciki ba zai ɗore ba, kuma garken da ke kewaye makaranta ko asibiti dole a ɗauke shi. Inda suka kauce shi ne ɗora laifin a kan tsarin fiɗiya da mayarwa, tsarin da ba a taɓa aiwatar da shi yadda ya kamata ba balle a ce ya gaza. Sabuwar dokar ta ma haifar da wata illa da ba a cika faɗa ba. A da, matar da ke ciyar da karnukan layinsu ita ce ke kiran hukuma ta ce ga sabuwar karya ta zo a zo a yi mata aiki, domin ta san bayan 'yan kwanaki za a dawo da ita. Yanzu da ta san in motar ta tafi da ita ba za ta sake ganinta ba, ɓoye ta za ta yi, karyar kuma ta haihu a bayan gareji. Hukuma ta yi asarar idanun da suka fi kowa sanin karnukan unguwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba ta biyansu ko kwabo.

Abin da ya fi dacewa a sa wa ido daga yanzu shi ne ko gwamnatin tsakiya ta Turkiyya za ta sa nata kuɗin da filaye a aikin, ko za a ɗauki likitocin dabbobi da yawan da aikin ke bukata, da kuma ko za a taɓa masu kiwon karnuka don sayarwa da karnukan ƙauye da na makiyaya, waɗanda ba a yi musu fiɗiya kuma daga cikinsu sababbin 'yan titi ke fitowa. Wa'adin gine-ginen zai cika ranar ƙarshe ta 2028, zaɓen magadan gari na gaba kuma zai zo a farkon 2029, 'yan watanni kaɗan bayansa.